A-kori-kurata tana shaƙewa a hawa: in ƙara mata babban famfon mai?

Ni mazaunin Kawo ne a nan Kaduna, sana'ata dakon kaya: da damina in kai takin zamani Pambeguwa da Saminaka, da kaka in ɗauko masara. Ina da Hilux ƙirar 2012 mai shan gas, injin lita 2.5 mai turbo, 'yar Baljiyam na saye ta. Bara wani yaro mai duba mota da kwamfuta ya ce zai buɗe mata wuta. Ya taɓa ƙwaƙwalwar motar, kuma gaskiya ta ƙara ƙarfi, har nakan ɗora mata buhu 16 ta tafi ba gardama. Yanzu kuwa lamari ya canja. In na taka totur a hawa da kaya sai ta yi ta fitar da baƙin hayaƙi, can sai ta shaƙe, fitilar inji ta kama, ba ta dawowa daidai sai na kashe na sake tayarwa. Da safe ma sai na daɗe ina murza makulli kafin ta tashi. Bakanikena ya ce mai ne ba ya isarta, don haka a sa mata manyan nozul, a ɗauko famfon injin lita 3.0, a kuma ƙara famfon lantarki kusa da tanki. Kuɗin da ya faɗa ya kusa cinye abin da nake samu a kaka guda. Da motar nan nake ciyar da iyalina. Don Allah a ba ni shawara.

Naka, mai karatu daga Kawo.

Ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a nema. Ka dakata da sayen kayan nan tukuna. Ba na shakkar niyyar bakaniken naka, amma abin da ka bayyana bai nuna motarka tana buƙatar ƙarin mai ba.

Fara da hayaƙin. A injin gas, baƙin hayaƙi mai ne da ya shiga bai ƙone ba, ko dai don ya fi ƙarfin iskar da turbo ke turawa, ko don nozul ya daina fesa shi kamar hazo yana zubo shi ɗigo-ɗigo. Motar da ta kasa ƙone man da ake ba ta yanzu, in aka sa mata manyan nozul, hayaƙin zai ƙaru, zafin cikin silinda ya hau, fistin ya tsage. Daga nan maganar ta koma ta sauke inji.

Injin naka shi ne wanda Toyota ke kira 2KD-FTV. Famfonsa na kamfanin Denso ne, shi yake zuƙo gas daga tanki da kansa, ya matse shi cikin wani bututun ƙarfe guda da ke raba wa nozul huɗu. Matsin da ke cikin bututun ya haura bar 1,000 idan mota na aiki sosai, alhali iskar tayarka ba ta wuce bar 2 zuwa 3 ba. Ƙwaƙwalwar motar tana lura da wannan matsi kowane lokaci. Da zarar ta nemi wani adadi ba ta samu ba, sai ta rage wuta ta kunna fitila don kare inji. Ina kyautata zaton shaƙewar da kake gani ke nan. Abin tambaya shi ne, ina matsin yake zurarewa?

Galibi amsar mai arha ce. Filtar gas da ta toshe tana hana famfo samun mai daidai lokacin da aka fi buƙatarsa, wato a hawa. Tiyon da ya tsufa, ko ɗan famfon hannun da ke kan filta in robarsa ta mutu, suna shigar da iska cikin layi, kuma wannan ya dace da wahalar tashin da take yi maka da safe. Akwai wani ƙaramin bawul a jikin famfon, makanikai na ce masa SCV, wanda ke ƙayyade man da ke shiga; yakan gaji ya riƙa maƙalewa, kuma ana canja shi shi kaɗai ba tare da an taɓa famfon ba. Sai nozul da suka ci, waɗanda ke mayar da mai da yawa tanki ta layin komawa. Sannan a ƙarshen bututun akwai bawul ɗin da ke buɗewa in matsi ya wuce ƙima. Idan wanda ya buɗe maka wuta ya ɗaga matsin ne, mai yiwuwa wannan bawul ya sha buɗewa har ya daina rufewa da kyau.

Duk waɗannan ana gano su da awo. Ka nemi wanda ya ƙware a injin gas na zamani, akwai su a Kurmin Mashi da kan titin bayan gari na Nnamdi Azikiwe. Ya jona na'ura, ya karanta lambar matsalar kafin a goge ta, sannan ku hau titi da kaya yana kallon matsin da ƙwaƙwalwa ke nema da wanda famfo ke bayarwa. Ya auna man da kowane nozul ke mayarwa. A kuma duba ɓangaren iska: filtar iska bayan ƙurar hunturu, tiyon turbo ko ya tsage, da bakin shigar iska da kan cushe da baƙar toka. Ka tambayi yaron kwamfutar ko ya ajiye ainihin saitin kamfani. In yana nan, a mayar da shi kafin a fara gwaji.

In ya tabbata nozul ne, ka sa irin nasa na asali. Kowane ɗaya yana da lambobi a kansa da dole a shigar wa ƙwaƙwalwa, kuma a sa sababbin washa na ƙarƙashinsa, domin in tsohon ya yi yoyo toka na gangarawa cikin baƙin mai ta toshe rariyar famfonsa. A Ori Apata za ka samu sabo da na Baljiyam, amma na Baljiyam kar ka biya sai an gwada shi a kan na'urar gwaji a gabanka.

Gyaran da nake so ka kashe wa kuɗi shi ne tsabtar man. Famfo da nozul ba su da wani abin da ke sa musu santsi sai gas ɗin da ke ratsa su. Gas ɗin da aka sirka da kananzir ba shi da wannan santsin, wanda ruwa ya shiga kuma tsatsa yake haifarwa a wuraren da suka fi gashin kai siranta. Na san a hanyar Saminaka wani lokacin ba ka da zaɓi sai jarka, shi ya sa nake ba ka shawara ka ƙara filta ta biyu mai raba ruwa kafin ta kamfani, ka riƙa zubar da ruwan da ta tara, a kuma sauke tanki a wanke. Famfon lantarkin da aka ce a ƙara zai iya ɓoye yoyon iska na ɗan lokaci, amma ba zai gyara nozul da ya ci ba.

Masu Hilux mai fetur ta lita 2.7, wadda ta fi yawa a titunanmu, su lura lissafinsu daban ne. Ita ba ta zo da turbo ba, kuma wanda ya ɗora mata shi dole ya ƙara girman famfo da nozul, domin a injin fetur ƙarancin mai ne ke narka fistin.

Saura maganar buhu 16. An ƙera motar nan ta ɗauki kimanin tan ɗaya, wato buhu goma na kilo 100, kai kuma kana ɗora mata fiye da tan ɗaya da rabi. Ƙarin wuta bai ƙara wa birki, kuloci da sifirin komai ba, kuma a gangara birkin ne ke riƙe da ranka da na yaron motarka. In bayan gyara har yanzu kana son ɗan ƙarin ƙarfi, a yi shi kaɗan, a fara da inganta sanyaya iskar turbo, a kuma sa agogon auna zafin hayaƙi kusa da inji. In ka ga allurarsa ta doshi 700 a ma'aunin Salsiyas, ka sassauta totur ka sauko giya.