Daga kunne zuwa allo

Yaron da aka kawo lakwal yana da shekara shida ko bakwai. Bai san baƙi ko ɗaya ba, amma ba hannu wofi ya zo ba. Ya iya gaisuwa, ya iya kai saƙo, ya san sunayen dabbobin gidansu, ya san tatsuniyoyi. Duk wannan cikin bakinsa yake. Aikin aji na farko shi ne a nuna masa yadda ake ajiye magana bisa allo, a dawo gobe a iske ta yadda aka bar ta. Saboda haka ne aka buɗe lakwal ta gwaji ta farko a Damagaram cikin shekarar 1973, inda yara suka fara karatu da Hausa, harshen da suke ji.

Malam ba ya farawa da baƙaƙe. Da magana yake farawa. Sai ya ce: «Baba ya tafi gona.» Yara su maimaita sannu sannu, suna tafa hannu: ba-ba ya ta-fi go-na. Sau bakwai suka tafa. Kowane bugun hannu gaɓa ɗaya ce. Kunne ne ya fara aiki, ido bai ga kome ba tukuna.

Daga nan malam ya rubuta jimlar a babban allo. Ya ɗauki gaɓar farko, ba, ya raba ta biyu: b baƙi ne, a wasali. Wasulan Hausa biyar ne: a, e, i, o, u. Baƙi shi kaɗai ba ya fita baki sosai, sai wasali ya taimake shi: ba, be, bi, bo, bu. Yaron da ya san b da k da a da i, huɗu kacal, yana iya karanta baki, da kaba, da biki, da kaka. Ranar da ya haɗa ka da ba da kansa, ya gane kabar da ake saƙa tabarma da ita ce, ranar ya fara karatu.

A nan akwai tarko. Yara suna da saurin hadda. Wani yakan haddace shafi ɗungum, yana rerawa da ƙarfi, idonsa na waje wajen awaki. Mai wucewa sai ya ce yaron nan ya iya. Alhali waƙa yake yi. Shi ya sa malam yakan nuna kalmomi da sanda daga ƙarshe zuwa farko, ko ya tsallaka nan da can. Wanda ya tsaya cik, a koma da shi ga gaɓa, ba tare da tsawa ba. Yaron da ya wuce aji na farko da hadda kawai zai sha wuya a lissafi ma, don ba zai iya karanta tambayar ba.

Hannu kuma yana da nasa horo. Ana zana baƙi cikin iska da yatsa, sannan cikin rairayi, sannan bisa ƙaramin allo da alli. Kaye ne na ƙarshe. Yaran da suka fara makarantar allo sun saba rubutu daga dama zuwa hagu. Boko daga hagu yake tashi. B da d ƙanana sukan rikita su: sandarsu ɗaya, amma cikin b yana dama, na d yana hagu.

Baƙaƙe huɗu suna son kulawa ta musamman, su ne masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Ƙugiyar ƴar ƙarama ce, mai gaggawa yakan manta ta. To, baki dabam, baƙi dabam. Haka kafa da ƙafa, bari da ɓari, daka da ɗaka. A ce yarinya ta rubuta wa ubanta da ya tafi ci rani, tana son gaya masa ƙanenta ya warke daga ciwon ƙafa, yau ya taka ƙasa. In ta manta ƙugiya, abin da uban zai karanta shi ne yaro ya taka kasa, macijiyar nan mai mugun dafi. Mutumin ba zai yi barci ba daren nan. A Najeriya ana rubuta ƴ da ɗan waƙafi a sama gaban y, kamar haka: 'y. Sautin ɗaya ne.

Akwai kuma abin da baki ke bambantawa, rubutu bai nuna ba. Tafi na tafiya da tafi na hannu rubutunsu ɗaya, amma na biyu ana jan wasalinsa. Fari ya fi su duka: akwai farin zane, akwai fari na rashin ruwa, akwai fari masu cinye hatsi, akwai fari na ɗan fari. Bayan taron Bamako na 1966, littattafan yaƙi da jahilci na Nijar suna ninka wasali mai tsawo, su rubuta aa ko ii. A 1980 masana suka taru a Yamai don daidaita rubutun Nijar da na Najeriya, daga baya aka bar ninkawar. Yanzu jimla ce ke raba gardama. «Fari ya kashe gero», rashin ruwa ke nan. «Fari sun cinye gero», ƙwari ne. Yaron da ke jin Hausa ba ya kuskure a nan, muddin ya karanta jimlar har ƙarshe.

Faransanci da baki yake shigowa tukuna, rubutunsa ya biyo baya. Yaro ba ya sake koyon riƙon alli ko haɗa gaɓa. Abin da zai lura da shi, wasu baƙaƙe suna sake murya. A Hausa c kullum kamar ta ciki ce. Faransanci da tch yake rubuta wannan sauti, shi ya sa Cadi ta zama Tchad. Sh ta Hausa ita ce ch. U ta Hausa ita ce ou, wani lokaci har w ma. Allunan bakin hanya sun isa shaida: Madaoua, Madawa, Tessaoua, Tasawa, Tahoua, Tawa.

Aiki

A tafa gaɓoɓin wannan jimla, a ƙidaya su: «Inna ta dafa tuwo.»

A sa ƙugiya inda ta ɓace: «Yan mata sun dauki tulu sun tafi kauye.»

A rubuta jimla biyu da kalmar gari, ɗaya ta wurin zama, ɗaya ta abin tuwo.