Filin Shawara: Rigimar Katin Biki da Sauran Wasiƙu

Wasiƙun da na ɗauko a wannan makon duk daga Maiduguri suke, kuma duk a kan sarauta suka tsaya. Kamar kullum, na ɓoye sunayen masu su.

Kati na neman raba gida biyu

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni budurwa ce 'yar shekara 23, a Umarari nake. Saura wata guda a ɗaura mini aure, amma katin gayyata ya hana mu barci. Mahaifin wanda zan aura Lawan ne a garinsu. Abokan ango suka kai aikin kati wurin mai buga takardu, da Turanci, sai ga shi an sa wa ango Prince a gaban sunansa, an sa wa mahaifinsa His Royal Highness. Kawuna kuma yana da sarautar Zanna, shi aka rubuta masa Chief. Baba ya ce ba za a raba katin nan da sunansa a ciki ba, shi ba ya aurar da 'ya da ƙarya. Kawu ya yi fushi wai an rage masa daraja. Mahaifiyar ango ta aiko cewa in aka cire Prince an raina gidansu. Gwaggo, wa ke da gaskiya, kuma yaya zan yi?

Wa alaikumus salam 'yata. Share hawayenki, wannan ba ta kai a fasa aure ba. Babanki yana da gaskiya. Kawunki yana da rabinta. Surukarki ba ta da ita, amma tana da dalili, kuma dalilin nata shi ya fi kamata ki kula da shi.

Kin san tsarin ƙasarku ya fi ni, amma bari in jera miki don ki ga inda mai buga kati ya yi tsalle. Shehu yana sama. Ƙarƙashinsa akwai Aja, wanda mu a ƙasar Hausa muke kira hakimi. Sai Lawan, wato dagaci, sannan Bulama, mai unguwa. Lawan ba ƙaramin mutum ba ne, garinsa a wuyansa yake. Sai dai kalmomin nan uku da aka jera masa, a Najeriya na sarakuna masu sanda ne, irin su Shehun Borno, da na Dikwa, da na Bama, da Sarkin Biu. Katin biki kuwa ƙafa gare shi. Zai shiga gidan Aja, yana iya kaiwa har fada. Ranar da wani ya tambayi surukinki cikin raha, "Lawan, yaushe aka ba ka sanda ba mu ji ba?" ba babanki ne zai sunkuyar da kai ba. Ina da yaƙinin shi Lawan ɗin bai ga katin nan ba tukuna. Masu riƙe da sarauta ta gaskiya sun fi kowa tsoron a ɗora su a shimfiɗar da ba tasu ba.

Shi kuma Prince, mu ne muka arahantar da shi. A Ingila, inda kalmar ta fito mana, tun 1917 Sarki George na Biyar ya taƙaita ta ga 'ya'yan mai mulki da jikokinsa ta wajen 'ya'ya maza. Shi ya sa 'ya'yan Gimbiya Anne, jikokin Sarauniya Elizabeth na cikinta, ba su da wannan laƙabi. Ɗan duke ma, wanda ubansa ke saman duk masu sarautar gado a can, ba a kiransa haka. A Borno kuwa ba ku rasa sunayenku ba: Abba ga 'ya'yan gidan Shehu, Nana ga 'ya'yan gidan mata, Maina ga jinin Mai, wato sarakunan Borno na da. Ko a nan ɗin ma a yi hattara, don ba duk mai amsa Abba ne ɗan gidan Shehu ba, wani sunan kakansa ya ci aka sakaya masa. Angonki ɗan Lawan ne. A rubuta haka, babu abin kunya a ciki.

Kawunki ya ji an ce Chief ya ɗauka zagi ne. Ba zagi ba ne. Majalisar Sarakuna ta Kaduna, inda Sarkin Musulmi da Shehun Borno suka zauna a zamanin Jihar Arewa, da wannan kalmar Turawa suka raɗa mata suna, kuma da ita ake kiran Cif Obafemi Awolowo har ya bar duniya. Laifinta ɗaya, ta cika faɗi: ta ɗauki sarkin yanka, ta ɗauki mai unguwa, ta ɗauki attajirin da aka karrama jiya. Zanna kuwa abu ɗaya yake nufi, kuma duk ɗan Borno ya san shi. A nan kawu ya yi daidai da ya ƙi.

Ki tuna masa da Kashim Ibrahim, ɗan Yerwa, wato Maiduguri. An naɗa shi Shettima, sarautar da ake ba masu ilimi. Ya zama Wazirin Borno, wannan aiki ne a fada. Sarauniyar Ingila ta ba shi Sir, lambar girma da ba ta da ƙasa ko talakawa, kuma ɗa ba ya gadonta. Sannan ya yi Gwamnan Jihar Arewa daga 1962 zuwa 1966. Abu huɗu ne a kan mutum ɗaya, kowanne da inda ya fito da abin da yake ba mai shi. Turawan da kansu ba su fassara masa Shettima ko Waziri ba, kamar yadda ba su fassara wa Ahmadu Bello Sardauna ba. In su sun rubuta yadda yake, ban ga abin da zai sa mai buga kati a Maiduguri ya fi su son Turanci ba.

Yanzu ga abin yi. Ke dai kada ki buɗe baki da surukarki a kan wannan magana, ko ta waya, ko ta bakin ƙawa. Amaryar da ta shiga gida da nasarar gardama a kan uwar miji ta daɗe tana biyan bashinta. Ki sa angon ya ɗauki kati ɗaya ya kai wa mahaifinsa, su biyu kawai, ya karanta masa ya fassara. In umarnin gyara ya fito daga bakin Lawan, ba wanda aka kayar.

Sannan ki roƙi babanki, ta hannun mahaifiyarki, ya sassauta harshe. Kalmar ƙarya ta yi nauyi, don yaran da suka kai aikin burga suka nufa. Abin da ke cin surukarki tsoro ne kada mutanen birni su ɗauke su 'yan ƙauye. In babanki ya tura manya suka je har gida suka gaida Lawan yadda ake gaida mai gari, aka kuma ba danginta wurin zama na mutunci daren wushe-wushe, za ta manta da abin da aka rubuta a takarda. Kuɗin sake bugawa kuma abokan ango su biya, su suka ɓata.

Ki kuma zuba ido ki ga yadda angon zai tafiyar da wannan. In ya iya gyara kuskure ba tare da ya kunyata uwarsa ko ya ɓata wa babanki rai ba, kin yi dace. In ya dage shi lallai Prince ne, ki sake rubuto mini kafin ranar.

Tun da aka naɗa shi gida ya canza

Gwaggo, ina gaisuwa. Mijina ɗan kasuwar kifi ne a Tashar Baga, 'ya'yanmu biyar. Bara aka naɗa masa sarauta saboda taimakon da yake yi wa jama'a, muka yi murna. Amma tun daga nan maroƙa ba sa barin ƙofar gida, alkyabba ta bi alkyabba, kuɗin makarantar yara sai an kore su ake biya. Kwanan nan maƙwabtanmu biyu suka yi rigimar iyaka, a kan katangar da ambaliyar 2024 ta rushe. Ya kira su ya yanke hukunci, ɗaya ya ƙi, ya kai wa Bulama. Yanzu maigidan ya ce Bulama ƙasa da shi yake, sai ya nuna masa. Ina tsoron abin da zai biyo baya.

Ƙanwata, tsoronki yana kan hanya. Maigidanki ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Akwai sarauta mai ƙasa, wadda aka ce wa mai ita ga unguwa ko gari ka kula da shi. Akwai ta karramawa, wadda ke ba mutum rawani da wurin zama a fada da gaisuwa, ba ta ba shi ko taku ɗaya na ƙasa ba. Yana yiwuwa ranar hawan salla shi yana gaba Bulama yana can baya. Amma ranar da aka ce ina iyakar gidan wane ta tsaya, Bulama za a nema, don shi ya san wanda ya fara zama da wanda ya saya a hannun wa. In sulhunsa bai ɗauku ba a haura wurin Lawan, in ta ƙi a tafi kotu. Babu inda sunan maigidanki ya shigo a wannan layin.

Tarihin ƙasarku ma ya isa darasi. Bayan faɗuwar Birnin Gazargamu a 1808, Shehu Laminu ne ya ceto Borno, ya kafa Kukawa, iko ya koma hannunsa. Bai taɓa kiran kansa Mai ba, ya tsaya a sunansa na malanta. Mai yana nan da kakaki da fadawa da sunan da gidansu ya riƙe ɗaruruwan shekaru, amma ba ya iya zartar da komai, har gidan nasu na Sefawa ya ƙare a 1846 a zamanin Shehu Umar. Galadiman Borno da ke Nguru a da shi ke tsare duk yammacin daular, Kaigama shi ke jan runduna. Mu Hausawa mun ari Galadima da Ciroma da Yarima daga wurinku, kowace masarauta ta ba su nauyin da ta ga dama: a Katsina Galadima hakimin Malumfashi ne kuma yana cikin masu zaɓen sarki, a Kano babban ɗan majalisa ne amma ba ya cikin masu zaɓe.

Ko manyan sarakunan ma an daɗe da zare musu abin da maigidanki yake zaton an miƙa masa. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ɗauke mulkin yau da kullum. Dokar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna. Tsarin mulkin 1999 bai yanka wa sarakuna wani aiki ba. Abin da ya rage musu shi ne kwarjini da jin maganarsu, kuma wannan ba a samunsa da tsawa.

Kada ki faɗa masa wannan gatsal, kuma kada ki yi masa dariya ko a gaban yara ko a bayan idonsa. Namijin da ya sha wahala ya tara abinsa, aka wayi gari ana yi masa kirari, yana buƙatar lokaci kafin kansa ya sauko. Ki nemi wani dattijo da ya daɗe da rawani, wanda maigidan yake jin kunyarsa, ya nuna masa cewa mai sarauta da ya ja da Bulama a kan hurumin Bulama, fada ba za ta goya masa baya ba. Mafita mai kyau ita ce shi ya taka ya je gidan Bulama ya ce ya zo a haɗa hannu a sasanta maƙwabta. In ma da hali ya sa bulo ɗari a katangar. Za a daɗe ana faɗar wannan a unguwa.

Maganar kuɗin makaranta kuwa ba ta jiran dattijo. Haƙƙi ne. Ki rubuta abin da ake biya wa kowane yaro a zango, ki ajiye masa lissafin a lokacin da yake cikin natsuwa, ki nemi a ware shi ranar da kaya suka fita, kafin maroƙa su ji ƙanshinsa.

Wai shi Lord ne

Gwaggo, wani mazaunin Ingila yana neman ƙanwata. Ya turo mana hoton takarda ta WhatsApp mai hatimi, wai ya mallaki fili a Scotland kuma yanzu shi Lord ne. Iyayenmu sun fara rawar jiki. Gaskiya ne?

Ɗana, wannan takardar tsaraba ce. Akwai masu sayar da ɗan fili da bai fi tafin ƙafa ba ta intanet, su haɗa wa mutum da satifiket, kuma hukumar da ke kula da sarautu a Scotland ta bayyana cewa irin wannan ba ya ba kowa sarauta. A can mutum yana zama Lord ne ta gado, ko kuma mai mulki ya naɗa shi bisa shawarar firaminista, wanda tun 1958 akasari na iya rayuwar mutum ne, ba ya sauka kan ɗansa. Gwamna Lugga da kansa, da ya ci Kano da Sakkwato a 1903 ya kuma haɗe Najeriya a 1914, bai samu wannan suna ba sai 1928, bayan ya daɗe da barin ƙasar nan.

Saboda haka ɗayan biyu ne: ko an yaudare shi, ko yana yaudararku. Na farkon wauta ce, ana aure da ita. Na biyun ne abin gudu. Ku bar batun takarda, ku tambaye shi aikin da yake yi, da matsayin takardun zamansa, da ko yana da iyali a can. Ku nemi wani ɗan gida da ke Ingila ya je ya gan shi a inda yake kwana, ku kuma aika a binciki gidansu a nan kafin a karɓi ko goro ɗaya.