Madara ba ta wanke huhu

Tun da aka gano zinariya a Tchibarakaten a 2014, samari daga Maraɗi, Zinder har da Zamfara suke keta hamada zuwa can, kusa da iyakar Aljeriya. Wasu kan dawo gida da kuɗi, amma 'yar tafiya kaɗan sai haki. Idan ka tambaya, sai su ce ai kullum suna shan madara bayan aiki don ta wanke ƙura. Madara abinci ce mai kyau, amma ciki take zuwa. Hanyar iska daban take.

Daga maƙogwaro, iska tana bin wani bututu mai tsawon santimita 10 zuwa 12, wanda zobban guringuntsi suke riƙe da shi a buɗe. A tsakiyar ƙirji ya rabu biyu, ɗaya zuwa huhun dama mai sassa uku, ɗaya zuwa na hagu mai sassa biyu. Daga nan sai ya yi ta rassa kamar itacen da aka kife, yana rabuwa sau 23 ko kusa da haka, har ya ƙare a 'yan mitsi-mitsin buhunan iska, ɗaruruwan miliyoyi, inda iska take shiga jini.

Manyan bututun suna da majina da wasu ƙananan gasu masu turo datti zuwa sama. Kakin nan mai launin ƙasa da mai haƙa yake tofarwa da asuba, aikinsu ne. Amma can ƙarshe, a buhunan, babu waɗannan gasu. Farin dutsen da zinariya take ciki kuwa, idan marto ko nakiya ko injin niƙa ya farfasa shi, yana ba da garin silika wanda ido ba ya gani. Shi ne yake kaiwa har cikin buhunan. Ƙwayoyin tsaron jiki su haɗiye shi, su kasa narkar da shi, su mutu, wurin ya yi tabo. Tabon huhu ba ya gogewa, yana ma iya ci gaba bayan mutum ya bar aikin. Ga shi kuma yana ninka haɗarin kamuwa da tarin tibi wajen sau uku.

To, me za a yi? Na farko ruwa. Na san a Tchibarakaten da mota ake kawo shi, da tsada kuma, amma a jiƙa bakin marto da dutsen da za a niƙa ya fi duk wani magani da za ka saya. Bayan tashin nakiya kada ka yi gaggawar komawa rami, a bari iska ta zagaya. Rufe hanci da rawani yana tare yashi ne kawai. Nemi takunkumi mai lambar FFP2 ko N95 wanda ya kama fuska sosai, kuma gemu mai yawa yana hana shi kamawa. Masu rami su ya kamata su saya wa ma'aikatansu, ba alfarma ba ce.

Tarin da ya kai mako biyu, ko rama, ko zufar dare, ko jini a kaki, kada a tsaya kan sirop na ɗan tebur. A je asibiti a Arlit ko Agadez a auna kaki, a ɗauki hoton ƙirji. Tibi yana warkewa da maganin wata shida, kyauta ne a Nijar, sai dai a sha shi har ƙarshe. Ka gaya wa likita shekara nawa ka yi a rami da irin aikin da ka yi, domin hoton ciwon silika yana kama da na tibi. Mai shan taba kuma ya bari, don hayaƙinta yana kassara gasun nan masu fitar da datti.