Kuɗin Aikin Ɗora wa Mota Bodi

Duk wanda ya ci kasuwar Sheme ta ƙasar Faskari, ko ya ga ana lodin masara a Sabuwa, ya san tsohuwar Marsandi 911. Galibinsu kai da shasi ne kaɗai na kamfani, bodin kuwa aikin mutanenmu ne.

To, me ya sa kuɗin aikin ke da yawa? Domin hannu da yawa ke taɓa ta. Mai walda zai ƙarfafa shasi, makaniki ya gyara ƙafafu, kafinta ya ɗora katako, sa'an nan mai fenti ya zo. A Amurka, masu gyaran tsofaffin motoci irin Ford Mustang ta 1964 da awa ake biyansu. Mu kuwa jinga muka saba, kuma a nan matsalar take. Sai an sauke tsohon bodi ake ganin inda tsatsa ta ci shasi, alhali an riga an yanke kuɗi. In mai mota ya ƙi ƙari, wani ma'aikacin sai ya rufe wurin da fenti. Ran da ta ɗauko farar ƙasa daga Ƙanƙara, daidai nan za ta karye, da yaran mota a kan kaya.