Mu Rubuta Sunanmu a Kan Rigarmu



Wata rana na kai ziyara wani ƙauye inda wani gungun manoma suka tara kuɗi, suka aika birni aka buga musu riguna saboda ranar 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kai da dashen itatuwa. Sun ce a rubuta MU RAYA ƘASA. Da rigunan suka iso, sai aka tarar mai bugawa ya bar ƙugiyar harafin Ƙ, ya rubuta MU RAYA KASA. Wata dattijuwa da ta koyi karatu ta duba, ta ce: “To, yanzu maciji za mu kiwata?” Aka yi dariya, amma kuɗi sun riga sun tafi.

Darasinmu na yau zai nuna mana yadda za mu yi wannan aiki da hannunmu, a kan aljihun rigar tishat, ba tare da inji ba. Wanda ya yanka harafinsa da kansa ba zai manta da ƙugiyar ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba.

Mece ce ledar guga?

Wata leda ce mai launi wadda zafi yake manna ta a jikin tufa. Ita ce ake yin lambobin rigunan ƴan ƙwallo da ita. Ƴan kasuwa suna kiranta fileks. A tambaye ta a shagunan masu buga riguna a Maradi, Damagaram, Tawa ko Yamai. Ba a bukatar babba. Guntayen da suka rage wa mai shago sun isa aikin aljihu.

Fuska biyu gare ta. Fuska mai ƙyalli ita ce mayafi, za a ɓare ta a ƙarshe. Fuska maras ƙyalli ita ce mai ɗauke da danƙo, ita ce take kama riga. A kula: ledar da ake liƙawa a jikin babur ko ƙofar kanti daban ce. Idan ta ji wuta narkewa take yi, ta ɓata riga.

Kayan aiki

Rigar auduga mai aljihu, ledar guga, kwali, fensir, abin awo, almakashi ko sabuwar reza, madubi, dutsen guga, farin ƙyalle maras kauri, da allon katako mai santsi. Auduga ta fi dacewa, domin tana jure zafin guga, kuma tana shan zufa a gona. Rigar roba tana iya ƙonewa.

Mataki na 1: Awo

A auna faɗin aljihu. Misali, in ya kai santimita 12, a bar santimita 1 ta dama, 1 ta hagu. Saura 10. Kalmar ƘWAZO haruffa 5 gare ta. Kowane harafi zai sami santimita 2 ke nan, har da ɗan filin da ke tsakaninsa da maƙwabcinsa. A zaɓi gajeriyar kalma kamar NOMA, LAFIYA ko HAƊIN KAI, wadda ake iya jerawa layi biyu.

Mataki na 2: Zane

A zana manyan haruffa masu kauri a kan kwali. Siririn harafi yana da wuyar yanka, kuma yana saurin ɓarewa. Kafin a yanka, a sa mutum biyu su karanta, su tabbatar babu harafin da ya ɓace. Sannan a yanke kowane harafi.

Mataki na 3: Juyawa

Nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. A fuska maras ƙyalli ake zane, ita kuwa kife ta za a yi a kan riga. Saboda haka dole a kife harafin kwali, bayansa ya dubi sama, kafin a bi gefensa da fensir. Haruffa irin su A, H, I, M, O, T, U ba su sakewa ko an juya su. Amma B, D, F, K, L, N, R, S da Z suna sakewa, haka ma masu ƙugiya. Ƙaramin b kuwa, in an yi kuskure, sai ya koma d. A ɗora zanen gaban madubi. In ya karantu daidai a cikin madubi, to, a yanka.

Mataki na 4: Shirya riga

A wanke sabuwar riga, ta bushe sarai, domin auduga takan tsuke a wankin farko. A shimfiɗa ta a kan allo, ba a kan katifa ba. A sa ninkakken ƙyalle cikin aljihu, don ya ɗaga tsakiya sama da ɗinkin gefe. In ba haka ba, dutsen guga zai hau ɗinki, ya bar haruffa ba su dannu ba. A goge wurin na daƙiƙa 5 don damshi ya fita.

Mataki na 5: Mannawa

A jera haruffa, fuska mai ƙyalli tana sama. A rufe da farin ƙyalle. Yawancin irin wannan leda tana son zafi kamar digiri 150. In na lantarki ne, a sa shi inda ake gugar auduga, ban da tururi. In na gawayi ne, a fara gwadawa da guntuwar leda a kan tsumma. A danna da ƙarfi wuri guda, a ƙirga daga 1 zuwa 15 a hankali. Kada a yi ta kai da komowa kamar gugar yau da kullum, domin haruffa za su goce. A bari ya ɗan huce, a ɓare mayafin daga gefe. Wata ledar sai ta huce sarai, don haka a tambayi mai sayarwa. Harafin da ya taso, a mayar da shi, a rufe, a sake dannawa.

Kiyaye lafiya

A hura gawayi a fili, ba cikin rufaffen ɗaki ba, domin iskarsa tana kisa ba tare da an ji warinta ba. A nisanta yara daga dutsen guga da reza. Kowa ya yi aiki da rezarsa. In wani ya ƙone, a yi ta zuba ruwa mai tsabta mai sanyi a wurin har minti 20. Kada a shafa mai, ko toka, ko man goge baki. In ƙunar tana da faɗi, ko ta shafi fuska, ko ta ƙaramin yaro ce, a tafi asibiti nan da nan.

Yadda rubutu zai daɗe

A bar riga kwana ɗaya kafin wankin farko. A juya cikinta waje, a wanke da ruwan sanyi. Kada a dirje haruffa, kada a buga riga a kan dutse. Wajen guga, a goge ta baya.

Ranar 8 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da jahilci ta duniya, wadda aka fara bikinta a 1967. Kowane gungu zai iya zuwa wurin taro da rubutun hannunsa a ƙirji, kowace ƙugiya a mazauninta.

Tambayoyi

1. Wace fuskar leda ce take kama riga?
2. Don me ake kife harafin kwali kafin a zana?
3. A kalmar NOMA, wane harafi ne yake sakewa in an juya shi?
4. Mene ne bambanci tsakanin ƙafa da kafa, da tsakanin ɗaka da daka?