Takardar Gwajin Tsami: Jan Hankali ga Masu Sana'ar Abin Sha

Jama'ar Obiagu a birnin Inugu, da 'yan'uwa mazauna Anacha da Fatakwal, sana'ar zoɓo da kunun aya da markaɗen tumatir ita ke riƙe da gidaje da yawa a cikinmu. Sai dai har yau da harshe muke auna tsamin abin da muke sayarwa, alhali harshe yana ruɗuwa. A zuba sukari a zoɓo, baki ya ce tsami ya tafi, nan kuwa yana nan daram. Akwai wata 'yar takarda da sukari ba ya yaudararta, ya kamata kowa ya san ta.

Ma'aunin tsami

A shekarar 1909 wani masani ɗan ƙasar Denmark mai suna Sørensen ya fito da ma'aunin da ake kira pH, wanda ake ƙirgawa daga 0 zuwa 14. Tataccen ruwa yana kan 7. Ƙasa da 7 ɓangaren tsami ne, sama da 7 kuwa ɓangaren kanwa da toka. Duk sa'ad da lamba ta ragu da ɗaya, tsami ya ninka sau goma.

Ruwan lemon tsami yana wajen 2, zoɓo da tsamiya wajen 3, lemon zaƙi da abarba tsakanin 3 da 4. Tumatir ya ɗara 4 kaɗan, kankana da kokwamba sun haura 5, karas da sabon kunun aya kuwa suna wajen 6.

Iyayenmu mata sun daɗe da sanin tushen wannan ilimi, shi ya sa suke jefa kanwa a miyar yakuwa. Kanwa ta kar tsami, ƙwarnafi ya kwanta.

Yadda ake gwaji

Takardar iri biyu ce. Ta litmas shuɗiya takan koma ja a cikin tsami, amma ba ta faɗin ƙarfinsa. A nemi ta biyun, mai zuwa da jadawalin launuka, a wurin masu sayar da kayan kimiyya na makarantu.

1. A matse ruwan a kofi mai tsabta, a tace shi. Kada a bar burbushin sabulu, domin zai ɓata sakamako.
2. Da busasshen hannu a tsoma bakin takardar, a cire nan take.
3. A gwada launinta da jadawali a wuri mai haske. Ja tsami ne mai ƙarfi, rawaya mai sauƙi, kore tsaka-tsaki, shuɗi ɓangaren kanwa.
4. Kowane gwaji da sabuwar takarda. A rufe sauran gam, domin danshin Kudu yana lalata su.

Zoɓo yana rina takarda, saboda haka a tsoma gefenta kawai, a duba inda danshi ya hau, kuma a ɗauki sakamakon a matsayin kimantawa.

Amfaninsa

Na farko, adana abinci. Ƙwayar cutar da ke haifar da mugun guba a abincin da aka toshe a kwalba ba ta yaɗuwa ƙasa da 4.6. Tumatir yana dab da wannan iyaka, nunanne ma yakan ƙetare ta. Wanda ya sayo kwando a kasuwar Ogbete lokacin araha, yana son ya adana markaɗe, ya dafa shi sosai, ya ƙara ruwan lemon tsami, kada kuma ya sa kanwa.

Na biyu, gane lalacewa. Kunun aya ba shi da tsamin da zai kāre shi. A gwada da safe, a sake da rana. In lamba ta sauka, ya fara tsami, kada a sayar.

Na uku, haƙora. Farin rufin haƙori yakan fara zaizayewa ƙasa da 5.5. Yaro ya sha zoɓo, a ba shi ruwa ya kurkure baki.

Gargaɗi

Takardar nan tsami kawai take aunawa, ba ta nuna ƙwayoyin taifot ko kwalara. Tafasa ruwa da wanke robobi suna nan a matsayin wajibi.

Muna kira ga malaman makarantunmu su nuna wa yara wannan gwaji, shugabannin unguwa kuma su tara masu sana'a su koya tare. Wanda ya iya, ya koya wa maƙwabcinsa.