Darasin Sifaniyanci na Wannan Juma'a: Agola, Ɗan Uba da Matar Uba

A gida, ko Godogodo ko Kafanchan, duk yaron da ya tashi a hannunka "ɗana" ne, ba a tone-tone. Tarbiyya ce mai kyau. Amma a nan Sifen, in ka je ofishin baƙi ko makaranta ka ce hijo, wato ɗa, alhali takardar haihuwa tana ɗauke da sunan wani uban, za a iya ɗauka ƙarya ka yi, takardu su tsaya. Don haka a riƙe waɗannan:

- padrastro: mijin uwa
- madrastra: matar uba
- hijastro, mace hijastra: agola, ɗan matarka ko ɗan mijinki
- medio hermano, mace media hermana: wanda kuka haɗa uba kaɗai ko uwa kaɗai
- hermanastro, mace hermanastra: ɗan matar uba ko ɗan mijin uwa, wanda ba ku haɗa jini ba

Ba a furta harafin h, shi kuma j daga maƙogwaro yake fitowa kamar خ na Larabci.

Wasu mutanen ƙasar kan ce hermanastro har ga ɗan uba. Don kauce wa ruɗani, ka ce hermano de padre in uba kuka haɗa, hermano de madre in uwa ce. Kalmar madrastra kuma tana da ɗan kaushi a kunnensu. A hira, la mujer de mi padre, wato matar babana, ya fi ladabi.

Me ya sa muka damu? Dokar baƙi ta shekarar 2000, sashe na 17, ta yarda ka kawo ɗan matarka da bai kai shekara 18 ba, muddin riƙonsa yana hannunta a hukumance. Mata kuwa ɗaya tak ake kawowa.

Shari'a ma ta bambanta su. Ɗan uba yana cikin masu iya gado, agola kuwa ba ya gadon mijin uwarsa. 'Yar matar da ka sadu da ita muharramarka ce, a duba Suratun Nisa'i, aya ta 23.

Aikin gida: kowa ya maimaita da yaransa, Es el hijo de mi mujer, vive conmigo. Ma'ana: ɗan matata ne, a wurina yake.

A takarda a faɗi gaskiya, a gida kuwa ɗa na kowa ne. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.